Fiton da Tasalla Ba Ta Amsa Ba

"To, hayaniyar ta isa haka nan, kunnuwana sun gaji. Ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku, ta yau daga bakin ruwa ta taso."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, ko da a jiƙe take!"

Wani tsohon masunci ne ana ce masa Korau, a wani ƙauye da ke bakin babban tabki. Ba irin kududdufin nan naku ba da kuke faɗawa ku dawo mini da ƙaiƙayi. Wannan rabinsa ruwa ne fili, rabinsa geranya, wato doguwar ciyawar ruwan nan da ta fi mutum biyu tsawo. In ka shiga cikinta, gabas da yamma ɗaya suke zame maka. Ka yi ihu har maƙogwaronka ya tsage, ciyawar za ta shanye muryar, wanda ke tudu ba zai ji komai ba. Abu ɗaya ne ke huda ta, shi ne fito. Shi ya sa masuntan wurin suke da al'ada, duk wanda zai hau gora, wato ƙaton duman nan da ake kifa ciki a kai a bi ruwa, ya shiga geranya sai ya bar mai amsa masa a gaɓa. In ya gama kamun kifi sai ya yi fito, na gaɓa ya amsa, shi kuma ya bi sautin har ya iso tudu.

Kowane masunci ɗansa ne ke amsa masa. Shi Korau ba shi da ɗa namiji. 'Ya ɗaya Allah ya bar masa, Tasalla, uwarta ta rasu tun ba a yaye ta ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran ta sai da Uwata. Tun tana 'yar mitsitsiya ya zaunar da ita a kan cinyarsa ya koya mata fito.

Ya ce, "Uwata, in na yi biyu, ke ki yi uku. Fi, fi, fiyu. Don kada in rikita naki da na 'ya'yan mutane."

Haka suka yi shekara da shekaru. Shi biyu, ita uku. Ko da yana ta fara rufe masa ido, har ya zamana ba ya bambanta mutum da kututture, bai daina shiga ruwa ba, don kunnensa garau yake kuma ya san akwai mai amsa masa.

To amma a ƙauyen nan abin kunya ne a ji mace tana fito. Lokacin da take yarinya ba wanda ya kula, an ce marainiya ce, a ƙyale ta. Sai ta girma, aka yi mata aure nan cikin ƙauyen, gidan wani falke da ya fi daɗewa a hanya da jakunansa a kan zaman gida. Ta zauna da uwar mijinta, Iya Dela, wata tsohuwa marar yawan magana. Tasalla kuwa akwai kunya. Ba ta cin abinci a gaban Iya, ba ta ɗaga ido ta dube ta, ko tari ne ya taso mata sai ta haɗiye shi har ta shiga ɗaki. Amma kullum in ta gama aikin gida sai ta gangara bakin tabki, wani lungu da mata ba su cika zuwa ba. Ta hura wutar banda, ta jera kifin da ubanta ya kamo jiya a kan hayaƙi, ta kasa kunne tana jiran fito.

Ƙanshin bandar nan ne ya kai hancin Gizo.

Kun dai san Gizo. Bai taɓa jiƙa ƙafarsa don neman na kansa ba, amma ko a bayan dutse aka ɗora tukunya sai ya sani. Ya zo yana sanɗa, yana murza hannu, da tsamin bakin nan nasa.

Ya ce, "Shannu da aiki, 'yar Baba."

Ta ce, "Yawwa Gizo, sannu."

Ta ba shi kan tarwaɗa. Ya cinye, ya lashe yatsu, idonsa na kan sauran. Ana haka sai fito ya taso daga cikin geranya, sau biyu. Tasalla ta tattara leɓe ta amsa, fi, fi, fiyu. Gizo ya dafe ƙirji ya ja da baya kamar ya taka maciji.

Ya ce, "Subhanallahi! Ashe ke she! Jiya a bakin rijiya na ji mata suna cewa akwai wata matar aure da ke fito kamar ɗan tauri. Na ce ƙarya ne."

Ranar nan Tasalla ba ta iya cin tuwo ba.

Kashegari ya dawo. Ta ba shi kan karfasa. Ya ce, "Yau kuma a kasuwa na ji zancen. Har mahauta sun ɗauka, suna kwaikwayon ki suna dariya."

Rana ta uku ya dawo, wannan karon bai ko karɓi kan kifin ba. Ya zauna ya rafka tagumi, ya yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "Lafiya, Gizo?"

Ya ce, "Ina fa lafiya. An kai wa surukarki labari. Ba ta ce uffan ba, baiwar Allah. Sai dai na ga ta sa gefen zane tana share ido."

Duk ƙarya ce, jikokina. Ba rijiya, ba kasuwa, ba wanda ya kai wa kowa labari. A cikinsa ya ƙulla ta tun daga kan hanya. Amma Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fashe da kuka.

Ta ce, "To yaya zan yi? Babana ba ya gani. In ban amsa ba, wa zai amsa masa?"

Gizo ya ce, "Haba, ina raye? Ni namiji ne, fitona ba abin kunya ba ne. Ke dai ki riƙa ba ni kifi guda cikakke, ba kai ba, ni kuma in riƙa amsa wa Baba. Shi ba gani yake ba, ina zai san bambanci?"

Ta yarda. Wallahi duk sanda na zo nan wurin sai raina ya ɓaci, in ji kamar in shiga cikin tatsuniyar in ja kunnenta. Amma ta yarda.

Ranar farko Korau ya yi fito biyu, Gizo ya amsa uku. Fiton ya zo a shaƙe, da yawu a ciki, amma tsoho ya bi shi har ya iso. Yana sauka daga kan gora ya ce, "Uwata, yau fitonki kamar na mai mura."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Murar ce, Baba."

Ya ce, "Ki sha citta da kanumfari. Kada ki yi wasa da ita."

Rana ta biyu Korau ya yi fito, Gizo na tsakiyar cin tarwaɗa. Tasalla ta zungure shi. Ya ce, "Bari in haɗiye." Aka sake fito. Ya ce, "Bari in lashe." Sai a na uku ya goge baki ya amsa. Da tsoho ya iso, numfashinsa sama-sama yake, ga matsattsaku sun manne masa a ƙafafu. Tasalla ta durƙusa tana cire masa su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Uwata, yau sau uku na kira. Na ɗan ɓace hanya kafin in ji ki. Ki daina jinkiri, kin ji? Hannuwan nan ba kamar da ba ne."

Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, sai ta tuna hawayen da aka ce Iya Dela ta share. Ta ce, "To, Baba."

Rana ta uku, gugar gidan su Tasalla ta faɗa rijiya. Iya Dela ba ta sami ruwan wanke ƙore ba, sai ta tattaro su a ka ta gangaro tabki. Kuma duk faɗin gaɓar nan, ba ta tsaya ko'ina ba sai lungun da Tasalla ke banda. Tasalla ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce a kawo ta wanke. Iya ta ce, "A'a 'yar nan, ji da wutarki." Ta juya baya ta tsuguna a bakin ruwa, tana cuɗa ƙwarya da soso.

La'asar ta yi. Sauran masunta duk sun hau tudu sun tafi, don tun azahar hadari ke haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin. Korau ne kawai ya rage a ciki, shi da ba ya ganin sama.

Gizo kuwa ganin hankalin Tasalla ya rabu biyu, sai ya miƙa hannu ya zari wani ƙaton kurungu daga kan wuta, ya tura shi baki gaba ɗaya don kada a gani. Kun san kurungu da ƙaya. Ƙayar ta huda leɓensa na sama ta ɓullo ta na ƙasa, ta ɗinke bakin ruf. Nan da nan leɓen ya kumbura ya yi suntum.

Sai fito ya taso daga cikin geranya. Sau biyu.

Tasalla ta dubi Gizo. Gizo ya nuna bakinsa, hawaye na zuba, ya hura, ba abin da ya zo sai iska da jini. Ta dubi bayan Iya Dela. Iya na nan tsugune, tana cuɗa ƙwarya. Tasalla ta ce a ranta, yanzu za ta gama, ƙwarya nawa ce? Bari ta tashi.

Fito ya sake tasowa, sau biyu, ya fi na farko ƙarfi.

Tasalla ta tattara leɓe. Ta ja numfashi. Sai ta ga kamar kan Iya ya ɗan motsa, leɓen ya saki da kansa. Ta kama gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Iya kuwa ƙwaryar nan dai guda take ta cuɗawa, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa.

Fito na uku ya zo. Wannan karon daga nesa, kuma ba ta wajen da ya saba tasowa ba.

Sai Iya Dela ta miƙe zumbur, ta kwashi ƙoren, waɗansu ma ba a wanke ba, ta hau tudu da sauri har tana tuntuɓe. Tana ɓacewa bayan kuka Tasalla ta ruga cikin ruwa har gwiwa ta saki fito, fi, fi, fiyu! Amma iskar hadarin ta riga ta iso. Geranya ta kwanta ta tashi tana ruri, iska ta kwashe fiton ta mayar da shi tudu. Ta yi, ta sake, ta sake, har leɓenta ya tsage. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba ta ƙara jin fito biyu ba.

Da gari ya waye maza suka shiga nema. Wajen hantsi suka dawo da gora, ba kowa a kai.

Tasalla na zaune a gaɓa inda ta kwana, zanenta sharkaf. Sai ga Iya Dela ta zo ta zauna kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba.

Can ta ce, "'Yar nan, me ya hana ki amsa?"

Tasalla ta ce, "Iya, kunyarki na ji. An ce kin ji labarin ina fito har kin yi kuka."

Iya ta ce, "Ni? Wa ya ce? Tun kafin a kawo ki gidana na san ke ce ke amsa wa ubanki. Don haka ma na ce wa ɗana ya neme ki. Na ce yarinyar da ta riƙe ubanta haka za ta riƙe ni." Sai muryarta ta karye. "Jiya na ji fiton nan tun na farko. Na juya miki baya don ki sake, ki yi abinki kamar ba na nan. Na ji na biyu, na so in ce miki amsa mana, sai na ji nauyi. Na ce yaya zan dubi matar ɗana in ce ta yi fito a gabana, ai sai in kunyata ta. Sai a na uku na gane ni ce na tare miki baki. Na tashi, ashe na makara."

Suka rungume juna suna kuka, su biyu, kowace na cewa laifinta ne.

Kai, wa ke jan majina a can baya? Matso nan kusa da ni, maigidana, ba abin kunya ba ne. Ni ma da na fara jin ta sai da na yi.

To, Tasalla ba ta koma gida ba. Ta ɗauki goran ubanta ta hau, ta kutsa cikin geranya, tana tafe tana waƙa:

"Fi, fi, fiyu, Baba ga ni,
Uwarka ce ta zo da kanta.
Na ji na fari, na ji na biyu,
Na ukun ma a kunnena ya sauka.
Fi, fi, fiyu, biyo ta nan."

Ta tarar da Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Ta ce, "Zalɓe, Zalɓe, mai dogon wuya, ko ka hango mini babana?"

Zalɓe ya ce, "Tsoho mai farin ido? Na gan shi jiya. Ya yi fito biyu ya karkata kunne. Na ce masa tsoho hadari na zuwa. Ya ce bari dai Uwata ta amsa. Wuce gaba ki tambayi Kwaɗo."

Ta yi gaba tana waƙarta. Ta tarar da Kwaɗo a kan ganyen bado. Ta ce, "Kwaɗo, Kwaɗo, mai kwana a ruwa, ko ka ga babana?"

Kwaɗo ya ce, "Na gan shi. A nan ya yi fito na biyu. Da ya ji shiru sai ya kwance komarsa ya zubar da kifin duka, wai nauyi na hana shi sauri. Na ce tsoho ba nan ce hanyar tudu ba. Iska ta hana shi ji na. Wuce gaba ki tambayi Kada."

Ta yi gaba, muryarta ta fara dushewa. Geranya ta ƙare, ruwa fili ya buɗe, ba a ganin ƙarshensa. A nan ta tarar da tsohon Kada kwance a kan yashi.

Ta ce, "Kada, Kada, sarkin ruwa, in kai ka ci babana faɗa mini, ba zan yi fushi ba."

Kada ya ce, "Ban ci shi ba, yarinya. Shekara arba'in muna ruwa ɗaya da shi, bai taɓa jifa ta ba, ban taɓa yaga masa koma ba. Ta gabana ya wuce, a nan ya yi fitonsa na ƙarshe. Na ce Korau ina za ka, nan gaba babban ruwa ne, tsaya ka kama ciyawa har hadarin ya wuce, da safe a zo a same ka."

Tasalla ta ce, "Me ya ce?"

Kada ya kau da kai.

Ta ce, "Don Allah me ya ce?"

Kada ya ce, "Cewa ya yi ba zai iya tsayawa ba. Ya ce Uwata ba ta taɓa ƙin amsa mini ba, in ka ji shiru to wani abu ne ya same ta. Kwana biyu ke nan tana fama da mura. Ya ce bari in yi sauri in je in gani. Ya shiga babban ruwa yana sauri, igiyar ruwa ta rufe shi."

Tasalla ba ta yi kuka ba. Kukan ya ƙare. Ta sauka daga kan gora ta kifa fuskarta a cikin farar laka ta bakin yashin, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta tattara leɓe ta yi fito uku. Ta jira. Ta sake yi. Kwana uku tana zagaya tabkin nan, ba ci ba sha, ba magana sai fito. A rana ta uku Allah ya dubi wahalarta. Hannuwanta suka zama fukafukai, yatsun ƙafarta suka haɗe, jikinta ya rufe da gashi ruwan ƙasa. Lakar nan kuwa ba ta wanku ba, fuskar ta zauna fara fat. Ta tashi sama ta bi kan geranya, inda iska ba za ta ƙara mayar mata da fito tudu ba.

Ita ce agwagwar ruwan nan mai farar fuska da muke ce wa kirinjijiya. Mutanen ƙauyen su ba su kira ta haka ba, Mai Fito suka sa mata. Iya Dela kuwa har ta mutu kullum sai ta gangara gaɓa da tsabar gero a gefen zane ta watsa mata.

"Kaka, Gizo fa? Me aka yi masa?"

Me kuwa za a yi masa? Ya je Ƙoƙi matarsa ta cire masa ƙayar, ya yi kwana bakwai yana shan kunu, bakin ya warke, ya koma yawon bin hayaƙin mutane. Ko gaisuwar mutuwa bai je ba. Irinsu haka suke, su kunna wuta su koma gefe suna sakace. Kada ku jira in ce muku an kama shi, ba a kama shi ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Kunya abu ne mai kyau, ni na koya wa iyayenku ita, kuma duk wanda ya yi mini rashin kunya a cikinku zai sha muciya. Amma in rai na kiran ka, ajiye kunya ka amsa, ko a gaban wa kake. In an yi dariya, dariya za ta wuce. Kuma in wani ya zo ya ce maka wane ya ce kaza a kanka, tashi ka je ka ji daga bakin wanen. Da Tasalla ta yi wa Iya tambaya ɗaya tak, da tsoho ya mutu a kan tabarmarsa.

In damina ta yi kuka ji su suna wucewa ta saman gari da yamma, fi, fi, fiyu, kada ku ce kira suke yi. Ba kira ba ne. Amsa ce, har yau ita take bayarwa, wanda ya yi kiran ne ba ya nan.

Ƙungurus kan kusu, na sauke ta nan. Ku share idanunku ku tashi, kowa ya je ya ga ko uwarsa na kiran sa.